Ranar da aka kawo surukina

Daren Laraba, Gadarif

Yau da hantsi aka kwaso Baba, mahaifin mijina, daga kasuwa, amai da gudawa sun tsotse shi. Jijiyoyin hannunsa duk sun ɓace, ba inda za a sa allurar ƙarin ruwa. Saura babbar jijiyar gindin cinya, kuma babu likita a ɗakin gaggawa sai ni.

Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba! Na kwantar da shi rigingine, na cusa matashi ƙarƙashin kwankwasonsa, na lanƙwasa gwiwar na karkata ta waje don jijiyar ta samu. Ya riƙe wandonsa gam.

"Babu namiji, ya bitti?" Haka yake kirana da Larabci, wato 'yata.

"Babu, Baba. Ka yi haƙuri."

Ya juya fuskarsa bango, ya saki. Allura ta shiga, ruwa ya fara tafiya.

Zai tashi, alhamdulillahi. Amma tun da muka gudo daga Khartum saboda yaƙi a gidansa muke, tsakar gida ɗaya, ba mu da wurin zuwa. Da la'asar na leƙa shi, yana jin takuna ya rufe ido kamar mai barci.

Jibi za a sallame shi. Ban san da wane ido zan gaishe shi ba.