A Cire Kaki Daga Takardar Ɗana

Zuwa ga Shugaban sansanin horar da matasa faretin soja da sana'o'i,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni manomi ne a Unguwar Lalle. Ɗana yana cikin yaran da kuka horar bara. Ya dawo ya iya haɗa wutar sola, kuma na gode. Ba za ni ambaci sunansa ba, don ba kai kaɗai za ka karanta wannan ba. In ka duba rajistarku, za ka gane shi.

Na farko, takardar shaidar da kuka ba shi tana ɗauke da hotonsa cikin kaki da hula. Wani mai shagon sola a garin Isa ya yarda ya ɗauke shi aiki idan ya kawo ta. Ranka shi daɗe, ka taɓa bin hanyar nan? In mutanen daji suka tare mota, aljihu suke zazzagewa. Ba sa karanta Turancin da ke cewa mai gyaran wuta ne, hoto suke kallo. Wanda aka samu da kaki ba a neman fansarsa. Takardar tana ƙasan gero cikin rumbu, aikin kuma yana neman kuɓucewa.

Na biyu, kun watsa hotunan bikin yaye su a intanet. Bayan haka, ranar kasuwar Sabon Birni, da rana tsaka, wani mai rawani har hanci ya tsaya gaban yarona. Bai sayi komai ba. Ya haɗe ƙafafu, ya sara masa kamar soja, ya shige cikin jama'a. Na tambayi masu rumfunan kusa, kowa ya rantse bai ga kowa ba. Da muka je gona washegari, mun tarar da sawun babur ya zagaye kunyoyin da yaron yake nomewa. Ba a karya kara ko ɗaya ba. Wallahi tsoro nake ji, uwarsa kuwa ta daina barinsa zuwa masallaci shi kaɗai.

Roƙona shi ne ku sake buga takardar da hotonsa cikin rigar gida, da sunan sana'a kawai, ku aika wa mai shagon da kanku. Ku kuma sauke hotunan nan yau, don ba ɗana kaɗai ke ciki ba.

Kafin ku amsa, kullum da safe ina tsayar da shi a tsakar gida ina koya masa ya saki kafaɗa, ya sunkuyar da kai, ya riƙa jan ƙafa kamar wanda bai taɓa koyon komai ba. Har yanzu in ya manta, miƙewa yake yi.

Allah ya tsare ka da naka 'ya'yan, ya ba ka ikon duba namu.

Wassalam.
Wani uba daga Unguwar Lalle