Ja a Hagu, Kore a Dama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki ce masa ya daina hawa tsani da kansa, ƙwan fitilar tsakar gida zai jira har in zo hutu. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida. Koren mayafin Inna, Allah ya jiƙanta, yana nan ƙarƙashin matashina, kada ki yi ta birkita akwati kina nemansa.

Karatu ya kai inda ake so. Mun bar rubutu a allo, yanzu kullum muna ɗakin gwaji muna haɗa akwatin lantarki irin na cikin jirgin ruwa, da makunnansa da ƙananan fitilun da ke nuna inji ya tashi ko ya tsaya. Wani kamfanin jiragen dakon kaya zai ɗauki mutum ɗaya daga ajinmu ya koyi aiki a teku, sauran a raba su masana'antu. Kin san tun ina ƙarami ba ni da zance sai na jirgi. Malaminmu ya ce mu biyu ne a gaba, ni da abokin teburina, kuma a nan damuwar take.

Sululu muke ce masa, don ba a jin tafiyarsa, sai dai ka juya ka gan shi a bayanka. Ba ya faɗa da kowa, ba ya hira da kowa, ni kuwa ban cika sakin jiki da mutumin da ba ya magana ba. Kwanakin baya ya ce in miƙo masa jar waya, na miƙa masa. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ajiye ta ya ɗauko wata da kansa, sai ka ce akwai ƙazanta a hannuna. Na haɗiye abin, na ci gaba da aikina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ana taɓa mini aiki. Kin san ni bahago ne, in na fere bakin waya na murɗa ta, murɗina hagu yake bi. Sau da yawa in na dawo daga cin abincin rana sai in tarar da wasu wayoyin da murɗin dama, an kuma ɗaure su tamau fiye da yadda nake ɗaurewa. Aljani dai ba ya riƙe filaya, Yaya. Allah ne ya tsare ni, duk abin da yake ƙullawa bai kama ba, don har yau aikina bai taɓa faɗuwa gwaji ba.

Kada ki gaya wa Baba, kin san shi da sa abu a rai. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da fatan alheri. Na sami wasiƙarki, na ji daɗin cewa Baba ya fara taka ƙafar. Allah ya ƙara sauƙi. Yaya zazzaɓin ƙaramar?

Kin ce in yi haƙuri in tambayi Sululu baki da baki. Kin kuma tambaye ni wane launi ne wayoyin da ake canzawa. Ban gane amfanin wannan tambayar ba. Ina gaya miki ana neman a raba ni da jirgi, ke kina zancen launi kamar atamfa za mu saya. To, ai magana ta ƙare, na kama shi.

Jarrabawar ƙarshe ita ce haɗa fitilun gefen jirgi. Kowane jirgi yana da jar fitila a hagunsa, koriya a damansa, da su ne matuƙin wani jirgin yake gane inda ka nufa cikin duhu. In aka juya su, sai ya kauce zuwa inda ya kamata ya guda, a yi karo. An ba kowa akwatinsa da gilasai biyu na rufe fitilun, aka ja mana kunne cewa duk wanda ya taɓa na wani ya fita daga takara. Na gama nawa tun kafin a tashi cin abinci. Na fita tare da jama'a, amma na zagayo ta bayan ɗakin na tsaya jikin taga.

Ban daɗe ba sai ga shi ya shigo, shiru kamar kyanwa. Ya tsaya gaban akwatina, ya girgiza kai, ya ciro sukundireba ya kwance gilasan nan biyu. Suna hannunsa na banko ƙofa. Na kira malam, ajin ya taru. Malam ya tambaye shi dalili, ya sake tambayarsa, ya ba shi dama har ta isa, amma bawan Allahn nan ya sunkuyar da kai ya ƙi cewa uffan. Aka cire sunansa. Aka kulle akwatina a ofis, aka ce za a yi mini hukunci da makina na baya, kuma sun isa. Jirgi nawa ne, saura kawai likitan kamfani ya duba ni.

Ya kamata in yi murna, amma wani abu ya hana ni. Washegari ya tare ni a bakin matakala, ya ba ni filayata da na yar a cikin hayaniyar, ya ce kafin in sanar da gida in fara ganin likitan ido. Me yake nufi da idona? Ko baki yake mini, ko akwai wanda ya sani a asibitin. Ni dai yanzu ko ruwa ya ba ni ba zan sha ba. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki gaishe da Baba, amma kada ki karanta masa wannan tukuna.

Na ga likita. Ƙirji lafiya, kunne lafiya, na karanta ƙananan haruffan jikin bango har layin ƙasa. Sai ya buɗe wani littafi, kowane shafi da'ira ce cike da ɗigo-ɗigo, ya ce in faɗi lambar da ke ciki. Na farko na gani. Daga nan ban sake ganin komai ba sai ɗigo kamar an zubar da tsakuwa. Ya yi ta buɗewa, ban ƙara ganin ko lamba ɗaya ba. Ya rufe littafin ya ce mini, cikin lallashi, idona ba ya raba ja da kore, haka aka haife ni, ba shi da magani, kuma ba zai iya sa mini hannu in yi aikin lantarki a jirgi ba.

Kin san halina. Abin da ya fara zo mini shi ne Sululu ya riga ni zuwa wurinsa. Na fito, na roƙi wata mata da ke jiran layi ta leƙa littafin. Ta faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta tsaya ba, har tana dubana ko wasa nake yi.

Duk da haka ban yarda ba. Na tafi ofishin malam na ce ya fito da akwatina, zan mayar da gilasan yadda na sa su ranar. Na ɗauki wanda ya fi duhu a idona, wanda duk rayuwata nake kira ja, na ɗaura a hagu. Na kunna. Malam ya cire tabaraunsa ya zauna. Ba sai ya yi magana ba, fuskarsa ta gaya mini na juya su. Da a teku ne, da na kashe mutane.

A nan na gane ashe gyara mini aiki Sululu yake yi, na gaya wa malam komai, har da zancen wayoyin nan masu murɗin dama. An mayar wa Sululu sunansa, shi zai tafi jirgi. Na same shi a ɗakin gwaji yana share tebur. Na ba shi haƙuri. Ya ce tun ranar jar wayar nan ya gane. Ya san likita zai tsayar da ni ko ba daɗe ko ba jima, abin da ya ji tsoro shi ne in faɗi gwaji a gaban aji a kore ni babu takardar shaida. In na samu takarda, akwai masana'antun da ke sa wa kowace waya lamba, zan iya neman aikin da ba ya jingina da launi. Ya ce da ya buɗe baki ranar, da ni za a kora. Mutumin nan ya zaɓi ya rasa jirgi, ni kuwa ina ƙin shan ruwansa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Yanzu zargina ya dawo gida, Yaya. Me ya sa ba a taɓa aikena sayen tumatir ba? Me ya sa ke kike ware mini kayan da zan sa in za mu fita? Na tuna dariyar da kuke yi in na tsinko ɗanyen mangwaro na rantse ya nuna, da yadda Inna ke cewa na yi gadon Kawu, sannan ta canza zance. Likita ya ce ta wajen uwa abin yake bi. Kin sani, ko ba haka ba? Shi ya sa kika tambayi launin wayoyin. Ba fushi nake yi ba, ko kuma ina yi kaɗan, zai wuce.

Abu ɗaya nake roƙonki. Mayafin Inna yana kan cinyata yanzu da nake rubutun nan. Tun rasuwarta nake ce masa kore, kuma ba wanda ya taɓa gyara mini. Ban iya tambayar kowa a nan ba. Ki rubuto ki gaya mini gaskiya, wane launi ne?

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta