Muryar da ta dushe

Talata, 9 ga Shawwal, 1337
Wata bakwai da tashina daga annobar mura, murya ba ta dawo ba. Yau an yi gayya a gonar hakimin Wamakko. Shekara goma sha huɗu ni ka yi ma manoma waƙa wurin, bana ko aike ba a yi mini ba.

Assabat, 13 ga Shawwal
Mode makaɗina ya zo, shina ta kallon ƙasa. Wai Lawwali, wani mawaƙin noma, ya nemi ya riƙa yi mai ganga. Na ce ya tahi, shina da iyali. Da ya fita na gwada baiti ɗaya cikin zaure. Kamar ana jan tabarma bisa tsakuwa.

Lahadi, 14 ga Shawwal
Zuma da citta kuma. Matata Lailatu ba ta gajiya da dafawa, ni na gaji da sha.

Alhamis, 18 ga Shawwal
Maccido, wan Lailatu, mai yi ma likitan Turawa tafinta, ya kai ni wurin likitan. Likita ya leƙa maƙogwaro ya daɗe, ya ce iyakarta ke nan, ba magani. Na miƙe, sai ya ce in zauna. Ya ɗauko akwati mai ƙaho, garmaho, ya aza baƙin faifai. Wai daga wata ƙasa Koriya ya zo da shi, can gabas da Sin, inda ya taɓa aiki.

Waƙa ce cikin faifan: namiji ɗaya, ganga ɗaya, ba 'yan amshi. Murya a dushe, ta hi tawa. Shina jan kalma guda har numfashi ya ƙare, ta yi rawa, ta zame ƙasa kamar mai kuka. Kiɗan uku-uku ne, kuma gangar ka jiran numfashinsa. Can makaɗin ya jefa mai wata kalma, kamar mai cewa “haka ne”.

Maccido ya ce wai da gangan mawaƙan ƙasar suke ɓata muryar, shekara da shekaru suna ihu bakin ruwa har maƙogwaro ya yi jini. Na ce, “Yaya, gaya mai su nema suka yi. Ni ban nema ba.”

Juma'a, 19 ga Shawwal
Ba wanda zai yi noma da irin wagga waƙa. Sai dai a aje kalme a zauna. Mi ta amfana mini?

Lahadi, 28 ga Shawwal
Daga gida ina jin gangar Mode a fadama. Na rufe ƙofa. Lailatu ta yi magana, na yi mata tsawa, tsawar ma ba ta fita ba.

Litinin, 14 ga Zulƙida
Ina maimai, noma na biyu, ni kaɗai a gonata. Ban san sa'ad da na fara kiran sunayen waɗanda annoba ta ɗauke a unguwarmu ba, a hankali, kowane suna numfashi guda. Ba waƙa ba ce.

Ashe Inna Sadiyatu, mai gonar da ke maƙwabtaka da tawa, na tsaye bayan kunya. Ta share ido ta ce, “Na'Allah, ka tsallake mijina.”

Na ce mata ni na bar waƙa.

Malami ɗan Atika sunan mijin nata. Na rubuta nan don kada in manta, shi ke nan.