Rabin Labarin Baba Kura

Unguwar Ladan,
Ƙasar Roni.

Zuwa ga taubashina Musaddiƙ, a Amurka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Zubaida da 'yar jaririya Nafisat. Allah ya raya ta, ya sa kada ta ɗauko kunnuwanka. Mu nan da sauƙi. An yanke gero, gyaɗa ta yi kyau bana, sai dai birai daga kan dutse sun ci rabonsu. Mahaifiyarka Gwaggo Mairam ta zo daga Kazaure ta kwana biyu, ta koma ranta a ɓace. Kakarmu Inno tana fama da ƙafa, amma bakinta lafiya lau, kuma a kanka yake sauka safe da yamma. Babana kuwa, kawunka Malam Halliru, shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutu, ni da ka san zama ba halina ba ne.

Musaddiƙ, ka ɓata mana rai. Bidiyon nan da ka yi na asalin gidanmu, ka tura zauren waya na 'yan garinmu, babu wanda bai kalla ba, har matan da ke daka. Mun gan ka da hula zanna ta karkace, kana bayani cewa maƙwabcinka Bature ya nuna maka hoton kakan kakansa a bango, wai soja ne tun farkon zuwan Turawa can, ya sari daji ya kafa gari, ya zama dattijon cocinsu. Sai kai ma ka ce ai kana da irinsa. Ka buɗe baki ka ce Baba Kura, kakan iyayenmu, sojan Turawa ne, da shi aka shigo ƙasar Kano ɗauke da bindiga, daga baya ya kafa unguwar nan ya zama ladaninta na farko. Ka jero Baba Kura ya haifi Hussain, Hussain ya haifi Halliru da Mairam, kana murmushi kamar an ba ka sarauta. To, can inda kake wannan abin rataya wa a bango ne. Nan gida kai ma ka san me ake ce wa wanda ya riƙe wa Nasara bindiga.

Ga abin da ya biyo baya. Surukin mai unguwa, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan lasifikar masallaci, ya samu abin da yake nema. Ya tara samari ya ce ba zai yiwu jikan sojan Nasara ya ci gaba da kiran Musulmi salla ba, kuma shaida daga bakin ɗan gidan ta fito, ba ƙage ba. Liman ya rasa yadda zai yi, ya ce Baba ya ɗan huta tukuna har dattawa su zauna. Mutumin da tun kafin a haife mu muryarsa ke tashin garin nan, wanda ya gaji kiran daga Hussain, Hussain ya gada daga Baba Kura, yanzu yana zaune a sahu wani na kira da murya kamar an take wa akuya wuya. Yara kuma sun samu abin wasa. In Baba ya fito za shi gona sai su jeru a bayansa suna buga ƙafa, suna sara masa, suna kiransa Saje. Ka san da wani aka yi wa haka, ni ne zan tsara musu layin. Ranar da na gani da idona, sai da na karya tsumagiya a jikin ɗan wani, aka kai ni gaban mai unguwa. Baba kuwa ya dawo gida ya juya wa tuwo baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ka yi ba, rabi ka faɗa. Ina zaune a ɗakin Inno ranar da ka kira ta kana tambayar asali, ni na riƙe mata wayar. Da kunnena na ji ta gaya maka cewa tana amarya ta tarar da Baba Kura tsoho, ita take kai masa ruwan alwala, ta ga bayansa duk sawun bulala. Ta ce maka yana saurayi aka kama shi a hanyar Borno aka ɗora masa kaya, daga baya aka sa masa kaki. Ta ce ranar da aka umarce su su cinna wa rumbunan wani ƙauye wuta ya ƙi, aka ɗaure shi aka zane, da ya samu sarari ya jefar da bindigar ya gudu. Ardon Fulani, kakan ita Inno, shi ya ɓoye shi a cikin duwatsun nan. A nan ya haƙa rijiya, yana kiran salla shi kaɗai, shanu ne kawai ke jinsa, har mutane suka taru aka yi unguwa. Duk wannan ka ji, ka yi ta cewa Allahu akbar a waya, sannan ka yanke shi ka yar.

Da Gwaggo Mairam ta tambaye ka dalili, ka ce mata wai a can gudun soja babban abin kunya ne, ba ka so maƙwabcinka ya ji an ce kakanka ya tsere daga bakin aiki. Musaddiƙ, kai da ka yi karatun boko har ya kai ka ƙetare, ka rasa gane cewa gudun nan shi ne kaɗai abin da muke da shi? Don kada wani Bature ya ɗaga gira, ka tuɓe wa kawunka riga a kasuwa. Shi wannan maƙwabcin naka ko sunan Roni ya iya faɗa?

Inno ta sa aka kai ta ƙofar gidan mai unguwa a kan babur, ta faɗi sauran labarin. Mutanen wurin suka ce tsohuwa ce ke kare ɗanta, yanzu ta ƙirƙiro. Suka ce in gaskiya ne, me ya hana mai ilimin gidan ya faɗa? Ka ga inda ka ajiye mu. Matar da ta ga sawun bulalar da idonta an ƙaryata ta, kai da ko kabarinsa ba ka san inda yake ba kai ne abin gaskatawa.

Saboda haka kada ka goge bidiyon, gogewa ba ta da amfani, kowa ya sauke. Kada kuma ka aiko wa Baba da shadda ko agogo, zan mayar maka. Dattawa za su zauna ranar Juma'a ta sama bayan la'asar. Zan kira ka, in ɗora wayar a tsakiyar tabarma, ka faɗa da bakinka cewa Inno ta gaya maka tun farko, kai ka yanke, ka kuma faɗi dalilin, ko da za a yi maka dariya. Baba ya riga ya ce in ba a wanke kakansa ba, shi da kansa zai miƙa mabuɗin ɗakin lasifika a wurin, ba zai jira a karɓa ba. Ka san in ya miƙa ba zai sake karɓa ba.

In wayar ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba, ba zan zage ka ba, ba zan sa maka barkono a shayi ba. Duk ranar da ka zo gida zan durƙusa in gaishe ka, in ce sannu da zuwa ranka ya daɗe, in kawo maka ruwa a kofin baƙi, in tashi in ba ka wuri. Haka za mu zauna har mu tsufa.

Ka gaida Zubaida da kyau, ita ba ta yi mana laifi ba. Ka shafa mini kan Nafisat. Ƙannena Ummukulthum da Asma'u suna gaishe ku. Inno ta ce a gaida jaririya kawai. Baba na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce Allah ya yi maka albarka, ya juya fuska bango.

Wassalam. Ni ne ɗan kawunka,
Jalaluddeen Halliru.