Batir ɗaya a bakin rafi

Daren Talata, Silver Spring

Tun da 'yan majalisa suka kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi aka rufe ayyukan gwamnati, ina zaune a gida kamar mai jego. An raba mu biyu a ofis, masu muhimmanci da marasa muhimmanci. Ni mai gyaran na'urorin auna ruwan rafi na faɗa kashi na biyu.

Ɗazu da la'asar Bashir, abokin aikina, ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Shi an bar shi yana gadin allon gargaɗin ambaliya, ba albashi. Ya ce, "Malam Sani, na'urar gadar nan ta yi shiru tun jiya, ga ruwan sama mai ƙarfi jibi." Na san ciwonta, batir ne. Aiki ne da zan gama kafin shayi ya huce. Amma doka ta hana ni taɓa ta ko a kyauta. In kuwa ba ta aiki, gargaɗi ba zai isa wayoyin mutane ba.

Na bi ta wajen a mota, na kalle ta, na wuce. 'Yan majalisar kuwa suna talabijin cikin kwat, kowa na ɗora wa wani laifi. Ai gidajensu a kan tudu suke.

Da na dawo na haɗu da Inna Hajara, mai haya a ɗakin ƙasa dab da rafin. Ta ce, "Ɗana, in ruwa ya taso, wayar nan za ta yi kuka kamar bara, ko?"

Na ce in sha Allahu. Ta sa min albarka, ta ce saboda irinmu take barci har da minshari.