Ni Na Riƙe Mata Ƙafa

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kwana uku ke nan abinci ba ya wuce min, kuma ba ciwo nake ba. Abin da ya faru a wurin aiki ne ya tsaya min a wuya.

Akwai wata tela da ke zuwa awon ciki wurina tun cikinta yana wata huɗu. Cikin fari ne. Mace ce mai tambaya, ko ƙwaya aka ba ta sai ta ji dalili, ni kuwa hakan yana burge ni. Ta roƙi a bar ta ta haihu a durƙushe in jikinta ya so haka, kuma kada a yi mata ƙari da almakashi sai an tambaye ta. Na ce mata haƙƙinta ne. Da bakina na faɗa.

Ranar Talata da hantsi naƙuda ta kawo ta. Komai yana tafiya daidai, zuciyar jaririn tana bugawa lafiya, ita tana durƙushe riƙe da ƙarfen gado, ina shafa mata baya. Sai ga likitan nan da muke kira Gaggawa ya faɗo da ɗalibai bakwai, ko sallama babu. Ya yaye labule, ya ce wace irin haihuwa ce wannan kamar ta akuya, a kwantar da ita. Ɗaliban suka yi dariya. Ta ce ba ta yarda ba. Babbar sista ta ɗaka mata duka a cinya, ta ce ai ranar da ta ɗauki cikin ba ta yi gardama ba.

Sai ya ɗauki almakashi. Shekara tara ina karɓar haihuwa, na san lokacin da ake bukatar ƙari, wallahi wannan ba ta bukata. So yake ya nuna wa ɗalibai kafin ya wuce taro. Ko allurar kashe zafi bai jira ta kama ba. Da ya gama ya miƙa wa wani ɗalibi zare ya koyi ɗinki a jikinta, shi yana latsa waya.

Ga abin da ya hana ni ci. Da aka ce a riƙe ta, ni na riƙe ƙafarta ta hagu. Ba wanda ya kira sunana, hannuna ne ya saba. Idonta yana kaina har aka gama.

An samu 'ya mace lafiyayya. Kowa sai barka yake yi mata, ni kuwa na wanke hannu har fatar ta yi ja.

Ki gaishe da kowa. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na ji daɗin jin gwiwar ta yi sauƙi. Kin ce in yi haƙuri in riƙe aikina. Na san don ni kike faɗa, amma ki ji yadda ta kaya.

Telar ta kai ƙara ofishin shugaban asibiti. Washegari babbar sista ta kira ni, ta turo min takarda an riga an buga in sa hannu, wai an yi wa mai jego bayani kuma ta amince. Tana ta murmushi, har da tambayata ko ina son hutu. Na juya bayan takardar na rubuta abin da ya faru, har da dukan, har da ƙafar da na riƙe, na sa hannu.

Aka zauna a kan maganar, aka ce rashin fahimta ne kawai. Gaggawa yana nan yana yawo da ɗalibansa. Ni aka mayar ɗakin ajiya, ina jera safar hannu da auduga. Abokan aikina in sun hango ni sai su shiga neman wani abu a jaka.

Jiya bayan na tashi aiki na je gidanta, don na ji ɗinkin ya ruɓe. Ɗaki ɗaya ne, keken ɗinkinta a rufe da zane, don ba ta iya zama a kujera. Mijinta ya ɗauki jaririyar ya fita ya ba mu wuri. Da na duba, Yaya, ga ruwa, ga wari. Ta ce ko buhu ba ta yi wa irin wannan ɗinkin. Na wanke, na sa magani, na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji labarin takardar, ta gode, amma ba ta ce ta yafe ba. Ban roƙa sau biyu ba.

Da zan tafi ta ce, "Sista, in Allah ya ba ni wani cikin, a ɗakin nan zan haihu. Ƙafata da asibiti har abada."

Matar nan ta zubar da jini sosai bayan haihuwa, da ƙyar muka tsayar. In ya maimaita a ɗakin nan, kafin a samo mota ta tafi. Na sani, aikina ne in gaya mata, kuma na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko zan iya rantse mata cewa in ta dawo ba za a sake ba.

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu. Ban iya rantsewa ba.

Ki gaida maigida, ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Auta