Alkawarin Mista Begley

Gidan yarin tarayya, Arkansas
Janairu

Zuwa ga matata Nadine,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da 'yan cocinmu da duk mutanen Rafin Wooten. Ni lafiya lau nake, sai kewarki da ta hana ni sakat.

Mun kalli rantsar da sabon shugaban Amurka a talabijin ɗin ɗakin cin abinci. Ni kaɗai na yi tafi. Wani ɗan Chicago ya ce, "Tsoho, kai da ba ka da ƙuri'a, murnar me kake?" Na ce matata ta jefa mana mu biyu. Ya ce, "Ai irin wannan lissafin ne ya kawo ka nan." Har ganduroba sai da ya dara.

Saura ƙiris, Nadine. Kullum ina maimaita maganar Mista Begley a raina. Babban mai gabatar da ƙara na tarayya guda, ya dube ni ido cikin ido ya ce in na faɗa wa kotu yadda na yi ta kwasar mutane a motata ana sayen ƙuri'unsu domin Vernon Slone, shi kuma zai roƙi alƙali ya rage mini shekaru shidan nan. Na faɗa, ga Slone can a ɗaure, shugabancinsa na gunduma ya ƙare. Doka ta ce mai gabatar da ƙara kaɗai ke shigar da wannan roƙo, kuma cikin shekara guda da yanke hukunci, wato kafin Afrilu ya fita. Jira yake Slone ya gama ɗaukaka ƙararsa.

Waken da suke dafawa a nan tsakuwa ne. Ki tanadar mini naki da burodin masara, mai ɓawon nan da kike ƙonawa ki ce da gangan ne. Har minsharin da kike rantsuwa ba kya yi nake marmari.

Ki huta lafiya. Naki har kullum,
Doyle Caudill

*

Rafin Wooten
Maris

Doyle,

Ina gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

An kori Mista Begley. Ba shi kaɗai ba, duk masu gabatar da ƙarar da tsohon shugaba ya naɗa, ƙasa baki ɗaya. Waya aka buga musu bayan abincin rana, aka ce kowa ya kwashe komatsansa kafin a tashi aiki. A rediyo na ji ina wanke kwanuka. Fasto ya ce in kwantar da hankalina, wai haka al'adar take, kowane sabo da nasa yake zuwa. Na ce, "Fasto, me ya hana ka faɗa mini haka ranar da ka taya ni kafa allon kamfen ɗin sabon shugaban nan a ƙofar gida?" Na tumɓuke allon na toshe ramin akurkin kaji da shi.

Yanzu kai. Ranar nan a ofishin Mista Begley, lauyanka bai ce a rubuta alkawarin a takarda ba? Ina zaune, da kunnena na ji ka. "Haba lauya! Wannan jikan Begley na Rafin Sama ne, kakansa da kakana su suka ɗora rufin cocinmu. Ɗan ƙasarmu ta tudu ya ba ni hannu, sannan in ce ya rubuta? Ai na zage shi ke nan." Ka fito kana baza kafaɗa, ni kuma wawuya na ji daɗi a raina, na ce mijina ya san mutunci.

To ga mutuncin nan, a ina za mu kai shi?

Na rubuta wa Mista Begley. Haushinka nake ji sosai, amma da safe har yanzu kofi biyu nake saukowa da su daga kanta, sai in mayar da ɗaya.

Ubangiji ya tsare ka. Matarka,
Nadine

*

Maris

Zuwa ga Uwargida Nadine Caudill,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wasiƙarki ta iso ni a gida, domin a nan ake samuna yanzu.

Duk abin da kika rubuta gaskiya ne. Na yi wa maigidanki alkawari, ya kuma cika nasa ɓangaren a lokacin da rabin gunduma suka daina gaishe ku saboda shi. An yi watsi da ƙarar da Slone ya ɗaukaka mako guda bayan an sallame ni. Da ina kan kujerar, da tuni roƙon yana gaban alƙali.

Ba zan yi miki rufa-rufa ba. Yau ba ni da ikon shigar da komai da sunan gwamnati, ko katin shiga ginin an karɓe. Doka kuma ta hana ni zama lauyan mutumin da ni na gurfanar da shi. Majalisar dattawa ba ta tabbatar da magajina ba tukuna, wani mataimakina ne, Mista Pruitt, yake riƙon ƙwarya. Abin da ya rage mini bakina ne da ƙafafuna. Idan kin yarda, zan zo in ɗauke ki ranar Talata mu je wurinsa tare.

Ni ma ɗan tudu ne, na san abin da hannu yake nufi a wurinmu.

Naki cikin girmamawa,
Thaddeus Begley

*

Gidan yarin tarayya, Arkansas
Afrilu

Nadine tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karɓi faɗanki, na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ki ƙara wani, ko zagin ne, in dai da rubutunki.

Ba zan ce na yi daidai ba, amma kada ki ga laifin Begley. Mutumin bai janye hannunsa ba, kujerar aka janye masa.

Ki saurare ni. In abin bai yiwu ba, kada ki ce za ki riƙa tuƙo tsohuwar motar nan zuwa Arkansas. Tafiyar yini guda ce cur, ke kuwa tun da aka haife ki ba ki taɓa kwana a wajen gundumarmu ba, ko birni kika shiga sai kanki ya yi ciwo. Ki zauna a gidanki, ki shuka tumatirinki. Shekara biyar ba mutuwa ba ce.

Haka nake faɗa wa kaina, amma ƙarya nake. A nan ba tudu ko ɗaya, Nadine, ƙasa shimfiɗe kamar faranti, ido ba shi da wurin hutawa. In muka fita filin motsa jiki nakan juya gabas in ce yanzu tana shanya, yanzu tana zagin zakara. Shekarata sittin da ɗaya. Ina tsoron in dawo in tarar mun tsufa kowa shi kaɗai.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu. Naki,
Doyle

*

Rafin Wooten
Ƙarshen Afrilu

Doyle,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Ubangiji ya ba ka ƙarfin zuciya.

Mun je. A ƙofa mai gadin da ya shekara takwas yana sara wa Mista Begley ya ce, "Yi haƙuri yallaɓai, sai ka cire ɗamara da takalmi." Ya cire, ya tsaya riƙe da wando. Muka zauna a bencin jira tare da kowa. Sakatariyarsa ta dā ta kawo masa kofi tana share ido.

Shi Pruitt ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Ya tashi tsaye da ganin tsohon maigidansa, har yana neman ba shi kujera. Mista Begley ya ce, "Kana nan aka yi alkawarin, Pruitt. Kai ka rufe ƙofa da hannunka." Ya ce, "Ina nan, yallaɓai. Amma ni riƙo aka ba ni. In na sa hannu kan alkawarin baka na wanda aka sallama, a shari'ar zaɓe kuma, gobe ni ma ina waje. A bari sabon ya zo." Na ce, "Ɗana, yaushe zai zo?" Ya ce wataƙila tsakiyar shekara. Na ce, "Afrilu fa?" Sai ya kama duban tebur.

Mista Begley ya koma har sau uku shi kaɗai. Jiya wa'adin ya cika.

Da ya zo faɗa mini bai iya shigowa ba, a baranda ya tsaya da hula a hannu. Ya ce, "Uwargida, ki faɗi abin da zan iya yi, ko mene ne." Na dube shi, na dubi ƙatuwar akori-kurar da ya zo da ita. Na ce akwai.

Sai ka ji ni. Matarka,
Nadine

*

Arkansas
Mayu

Doyle,

Gaisuwa. Kada ka ƙara aika wasiƙa Rafin Wooten, ba kowa a gidan. Kaji suna wurin matar Fasto.

Mista Begley ne ya ɗauko katifarmu a ka ya hau da ita bene, yana haki kamar zai mutu. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon wanki, a nan kuma na sami aikin guga. Ta taga ina hango tankin ruwanku. Gaskiyarka, garin nan ba shi da kyan gani ko kaɗan.

Na san ka hana. Ka ajiye faɗan sai ziyarar ranar Asabar, ka yi mini shi baki da baki. Ka aske gemu.

Taka,
Nadine